Jirgi a Carriacou, Mahaifiya a Agege: Nazarin Shawarar da Wani Iyali Ya Yanke a Ƙarshen Yunin 2024

A daren Juma'a, 28 ga watan Yunin 2024, muna zaune ni da Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, a farfajiyar wani asibiti da ke Ikeja, na kira yayana ta WhatsApp domin in shaida masa abin da likita ya faɗa game da Hajiya, mahaifiyar tamu, wadda hawan jini ya kayar da ita kwana ɗaya kafin nan, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta kuma ya sarƙe. A Legas ƙarfe goma na dare ta gota, a wurinsa kuwa biyar na yamma ce, saboda awa biyar ce tsakaninmu da tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, inda jirgin ruwan da yake zaune a ciki tare da matarsa da 'ya'yansu biyu yake tsaye a kan anga. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, sannan ya ce shi ma yana da nasa labarin. Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ta fitar da sanarwa a wannan yammacin cewa wata iska ta fara haɗuwa a tsakiyar Tekun Atlantika, kuma hanyar da ake hasashen za ta bi ta ratsa ta yankin da suke. Abin da ya biyo baya shi ne na ga ya dace a rubuta dalla-dalla, domin har yau ana ta maganarsa a cikin dangi, kuma akwai matasa a Agege da Idi-Araba da ke kallon irin wannan rayuwa a YouTube suna tambayata yadda ake shigarta.

Yayana haifaffen Agege ne, kamar mu duka. Mahaifinmu cinikin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano, kamar yadda goro da layin dogo suka kawo Hausawa da yawa wannan unguwa. Yaya ya yi fiye da shekara ashirin yana aikin injiniya a jiragen da ke jan manyan jiragen kaya zuwa bakin tashar Apapa, saboda haka injin dizil da ruwan gishiri ba baƙi ba ne a gare shi. Tuƙi da iska kuwa a ƙarshen mako ya koya, yana taya masu ƙananan jirage da ke tsere a mashigar Legas zuwa Tarkwa Bay. Da ya ajiye aiki, ya haɗa kuɗin sallamarsa da na wani fili da ya sayar, ya sayi tsohon katamaran, wato wani nau'in jirgin ruwa mai tafiya da iska, a garin Mindelo da ke tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, daga hannun wasu Turawa da suka fasa tsallaka teku. Ya zaɓi Cape Verde ne saboda tana cikin ƙungiyar ECOWAS, ɗan Najeriya yana shigarta da fasfonsa ba tare da wahalar biza ba, kuma daga nan ne masu jiragen iska da yawa ke tashi zuwa Karibiyan.

Tambayar farko da kowa ya yi masa ita ce me ya hana ya kawo jirgin Legas ya ajiye. Amsar tana da tushe. A shekarar 2020 kaɗai, daga cikin ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a Mashigin Tekun Guinea aka ɗauke su. Lamarin ya ragu sosai bayan da Najeriya ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, amma kamfanin inshorar da ya karɓi jirginsa ya rubuta ƙarara cewa da zarar ya shiga wannan yanki, yarjejeniyarsu ta daina aiki. Ban da wannan, igiyar ruwan gaɓarmu gabas take gudu, iskar da ta fi yawa kuma daga kudu maso yamma take busowa, don haka shigowa Legas daga yamma da sauƙi, fita kuwa sai an sha wuya. Tun ranar da aka saye shi, wannan jirgi gida ne da ba zai iya zuwa gida ba, kuma a ganina duk abin da ya faru daga baya daga nan ya samo asali.

Yadda rayuwar take a ciki

Katamaran jirgi ne mai gangar jiki biyu, kamar an jera kwale-kwale biyu an ɗora ɗaki a tsakaninsu. Na Yaya tsawonsa mita 12, faɗinsa ya kusa mita 7, kuma abin da ke nutsewa cikin ruwa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa yake iya shiga wurare marasa zurfi kusa da gaɓa. Kowace ganga tana da injinta da ɗakunan kwana da banɗaki, falo da kicin suna tsakiya. Babbar falalarsa ita ce ba ya karkata gefe guda idan iska ta cika ƙyallensa kamar yadda jirgi mai ganga ɗaya ke yi, saboda haka tukunya tana zama a kan murhu, mai salla yana iya tsayuwa, yara suna iya rubutu a kan tebur. Wannan falala tana tafe da haɗarinta, domin jirgin da ba ya karkata ba ya nuna wa matuƙi cewa iska ta yi masa yawa, kuma idan ya kife ba ya komawa daidai da kansa. Don haka Yaya ba ya jiran ya ji a jikinsa, na'urar auna iska yake kallo, da ta kai wani adadi sai a rage ƙyalle ko da kuwa tafiya tana daɗi. Haka nan ba ya son nauyi. Buhunan shinkafa da garin masara da matarsa ta so ta tara kamar yadda ake yi a gida sai da aka rage su, saboda idan jirgin ya yi ƙasa, raƙuman ruwa suna dukan ƙarƙashin falo da ƙara mai hana barci.

Sun yi kusan shekara guda suna yawo tsakanin tsibiran Cape Verde, waɗanda goma ne, tara daga ciki da mutane. A nan suka koyi darajar ruwa, domin ƙasa ce mai fari, garuruwanta da dama da tataccen ruwan teku suke rayuwa. Jirgin yana da tankin lita 600 da injin da ke tura ruwan gishiri ta cikin wata matata da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu fiye da sau hamsin, ruwan daɗi ya fito ta ɗaya gefen, kimanin lita 60 a awa. Wannan injin da wutar batir yake aiki, batir kuma da sola yake cika, solar kuwa ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara tana isa har waɗannan tsibirai ta lulluɓe ta, sai an bi ta da tsumma kowace safiya. Ke nan ruwan shan gidan yana rataye ne da tsabtar gilashin da ke kan rufi. Alwala da ruwan teku suke yi, bisa hadisin da ya zo a Muwaɗɗar Imam Malik, inda wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, aka ba shi amsa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Matar Yaya ta ce ba ta taɓa fahimtar girman wannan sauƙi ba sai da ta zauna tana lissafin lita.

A watan Disamba, lokacin da iskar arewa maso gabas ta daidaita, suka tashi daga Mindelo zuwa Barbados, tafiyar mil 2,000 da ɗoriya na teku, kowane mil mita 1,852. Kwana goma sha bakwai suka yi, miji da mata suna karɓa-karɓar gadi awa uku-uku dare da rana. Daga nan suka shiga jerin tsibiran gabashin Karibiyan, inda suka shafe shekara ɗaya da rabi. Wani abin da ya faranta wa Yaya rai shi ne alƙibla, wadda a can ma gabas maso arewa take, kusan daidai da ta Legas, kuma da yake jirgin da ke kan anga yana fuskantar iska ne, iskar kuma daga gabas take zuwa, sau da yawa goshin jirgin yana kusa da alƙibla, ɗan gyara kaɗan ake yi da kamfas. Idan sun yi niyyar kwana huɗu a wuri sai su cika salla, idan suna tafe su yi ƙasaru. Nama ya yi musu wuya a ƙananan tsibirai saboda rashin yankan Musulmi, sai kifi da wake da ƙwai, da daddawa da kuka da yajin da muke aika musu idan an sami mai tafiya. Kifin ma ba kowane suke ci ba, domin manyan kifayen da ke zaune cikin duwatsun murjani, irin su barakuda, suna iya ɗaukar wata guba da dafuwa ba ta kashe ta, don haka na tsakiyar teku suke kamawa. Yaran, mace mai shekara goma sha biyu da namiji mai tara, uwarsu ce ke koyar da su da littattafan manhajar Najeriya, tunda dama malamar makaranta ce, karatun Alƙur'ani kuma ta waya suke biya wa wani malami a Agege.

Abu biyu ne suka fi raƙuman ruwa wahalar da su. Na farko kuɗi. Masu jirage suna yawan cewa a ware kashi goma cikin ɗari na darajar jirgi duk shekara don gyara, kuma Yaya ya tarar maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba: fentin ƙasan jirgi mai hana tsiro da katantanwa mannewa, wayoyin ƙarfen da ke riƙe da doguwar sandar tsakiya waɗanda masu inshora ke so a sauya kusan duk shekara goma, famfuna, batura, injuna biyu maimakon ɗaya. A tashoshin ƙananan jirage kuma katamaran kuɗin wuri ɗaya da rabi ko biyu yake biya saboda faɗinsa, shi ya sa kusan kullum a kan anga suke kwana. Duk wannan da dala ko yuro ake biya, ko da dalar gabashin Karibiyan da aka ɗaure a kan 2.70 ga dalar Amurka, alhali abin da ke shigo masa hayar gida ce da ta shaguna biyu a Agege, waɗanda ni nake karɓa da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Hayar ba ta canza ba, amma abin da take saya a can ya koma ƙasa da sulusi. Na biyu shi ne takardu. Maƙwabtansu Turawa suna ɗaga anga su shiga kowane tsibiri a buga musu hatimi, su kuwa da koren fasfo sai sun tsara tafiyarsu bisa inda aka yarda su shiga da inda sai an nemi izini tun makonni kafin zuwa, tsibiran da ke ƙarƙashin Faransa kamar Martinique da Guadeloupe kuwa daga nesa suka gan su.

Hanyoyin da ke gabansu a wannan dare

Lokacin guguwa a Tekun Atlantika daga 1 ga Yuni yake farawa zuwa 30 ga Nuwamba, kuma al'adar masu jirage ita ce su gangara kudu, wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda guguwa ba ta cika bi ba. Grenada da Carriacou a nan suke. An san guguwar Ivan ta ragargaza Grenada a Satumban 2004, amma kusan shekara ashirin ke nan, kuma manyan guguwa a Agusta da Satumba aka saba ganinsu. Yaya ya yi daminar 2023 a wannan yanki lafiya, ya yi Babbar Sallar 16 ga Yunin 2024 a mashigar Tyrrel ta Carriacou da nufin ya zauna har Agusta.

Kawu ne ya fara magana da na miƙa masa wayar. Ya ce, "Ɗana, uwa ba a sayenta a kasuwa. Ka juyo da jirginka ka taho gida, a ɗaure shi a Apapa inda ka sani." Yaya ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, da hanya tana nan da yanzu na ɗaga anga." Sannan ya yi masa bayani a hankali. Iskar da ta kai su yamma ita ce za ta tare su idan suka juyo gabas, saboda haka mai komawa sai ya haura arewa zuwa tsibiran Azores, ya gangaro Cape Verde, sannan ya bi gaɓar Afirka ta Yamma, jimilla fiye da mil 5,000, tafiyar wata biyu ko fiye, a tsakiyar lokacin guguwa, ƙarshenta kuma cikin ruwan da inshorarsa ba ta rufe ba. Kawu bai gamsu a zuciyarsa ba, amma ya bar maganar.

Hanya ta biyu ita ce wadda ni na matsa a kanta, kuma ina ganin wajibi ne in faɗi haka. A gefen mashigar Tyrrel akwai wani lungu da itatuwan ruwan gishiri suka kewaye, irin waɗanda ake gani a bakin ruwan Legas ta wajen Badagry da Epe, kuma shekara da shekaru masu jirage suna shigar da jiragensu ciki su ɗaure da igiyoyi a jikin saiwoyi idan guguwa ta taso. Da Yaya ya yi haka ranar Asabar, zai hau jirgin fasinja zuwa babban tsibirin Grenada, ya nemi jirgin sama zuwa Landan, ya iso Legas cikin kwana uku. Likita ya ce mana kwanakin farko su ne masu haɗari, ni kuma ina kallon Hajiya tana bin ƙofa da ido duk lokacin da aka buɗe. Na ce masa, "Yaya, jirgi ƙarfe ne da roba, ka ɗaure shi ka taho." Na ji a muryarsa cewa zuciyarsa ta karkata nan.

Matarsa ce ta tsaya. Ta ce masa, "Baban yara, idan ka tafi, mu a ina za mu tsaya?" Wannan tambaya ta buɗe abin da ni ban lissafa ba. A lokacin, daga Karibiyan babu jirgin sama kai tsaye zuwa Legas, hanyoyin da aka saba ta Ingila ne ko Amurka ko ƙasashen Turai, kuma dukkansu suna neman mai fasfon Najeriya ya riƙe biza ko da wucewa kawai zai yi. Yaya ne kaɗai ke da bizar Ingila mai rai. Ma'ana ita da yara za su zauna a ƙaramin tsibiri su jira guguwa, ko a cikin jirgi ko a wani gini da ba su san ƙarfinsa ba. Ta kuma tuna masa cewa jirgin shi ne gidansu kuma shi ne dukan jarinsu, cewa yarjejeniyar inshorarsu ta ɗora musu kaso mai nauyi na asara idan guguwa mai suna ce ta yi ɓarnar, kuma lungun da ake magana zai cika da jirage, igiyar wani idan ta tsinke naka zai daka. Mafakar kudancin Grenada ma ta ce ba ta yi nisa da hanyar guguwar ba, kuma kowa can zai nufa. Abin da ta kawo shi ne a gudu kudu zuwa Trinidad, wadda tashar Chaguaramas ɗinta take ƙasa da digiri 11, kuma Allah ya sa tun watanni kafin nan ta nace aka tanadi izinin shigarsu can, saboda sun shirya fitar da jirgin tudu a Agusta don fenti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin asubahin Legas Yaya ya aiko mini da saƙo cewa kudu za su yi, in gaya wa Hajiya a kunne cewa yana tafe.

Ranar Asabar da safe ya je ofishin kwastan da shige da fice ya karɓi takardar fita, suka ɗora ƙaramin kwale-kwalen robarsu, suka tashi wajen azahar. Tafiyar ta fi mil 100. Sun kauce wa dutse mai aman wuta na ƙarƙashin ruwa da ake kira Kick 'em Jenny, wanda ke tsakanin Carriacou da Grenada kuma aka hana kusantarsa, suka bi yammacin Grenada, dare ya same su a buɗaɗɗen ruwa. A wannan ranar iskar ta riga ta zama guguwa, an sa mata suna Beryl. Matarsa ta ce ko'ina ta duba fitilun jirage ne, duk sun nufi kudu. Tsakanin Grenada da Trinidad igiyar ruwa tana jan jirgi yamma, wato wajen gaɓar Venezuela, saboda haka dole matuƙi ya riƙa karkata gabas, kuma Yaya ya kunna injuna biyu ya haɗa da ƙyalle don kada su makara. Da tsakar dare injin hagu ya yi zafi ya fara ƙara, ciyawar teku mai ruwan ƙasa da ta addabi yankin a 'yan shekarun nan ta toshe bututun da ke shigo da ruwan sanyaya shi, ƙaramar farfelar roba da ke cikin famfon ta ƙone. Ya kashe shi, matarsa ta riƙe tuƙi da injin dama, shi kuma ya shiga ramin injin da tocila a baki ya sauya farfelar da wadda yake ajiye da ita, 'yarsa tana miƙa masa sifana. A nan shekarunsa na Apapa suka yi rana. Da hantsin Lahadi suka shiga ta mashigar Boca de Monos, suka tarar da Chaguaramas a cike, ruwanta da zurfi, ƙasanta ba ta riƙe anga da kyau, sai da suka jefa sau uku.

Ranar Litinin, 1 ga Yuli, kafin azahar, idon Beryl ya bi ta kan Carriacou da iska mai gudun fiye da kilomita 200 a awa. Mafi yawan gidajen tsibirin da na tsibiran Petite Martinique da Union da ke maƙwabtaka da shi sun rasa rufi ko sun rushe, an rasa rayuka, kuma jiragen da aka ɓoye a lungun itatuwan nan iska ta tara su a kan juna. A Trinidad ruwan sama da iska mai ƙarfi kawai suka gani. Da hotunan suka iso wayata ina bakin gadon Hajiya, na daɗe ina kallonsu, domin wurin da na ce a ɗaure jirgin ke nan, tsibirin da na ce a bar mace da yara biyu ke nan.

Abin da ya biyo baya

Tsira daga guguwar bai kawo Yaya gida ba. Ba zai iya barin iyalinsa a jirgin da angarsa ke ja ba, fitar da shi tudu kuma ya zama layi, domin filayen gyaran jirage sun cika da waɗanda suka gudo da waɗanda aka jawo a lalace, kuma katamaran ba kowane injin ɗagawa ne ke iya ɗaukarsa ba saboda faɗinsa. Kwana tara ya jira. Sai da aka ɗora jirgin a kan turaku, aka sauke ƙyallaye, aka wanke matatar ruwa aka zuba mata maganin ajiya, sannan ya hau jirgin sama ta Landan. Ya iso Legas mako biyu cif bayan faɗuwar Hajiya. Ta gane shi, ta riƙe hannunsa da hagunta, amma magana ba ta dawo ba tukuna.

A cikin waɗannan makonni biyu an yi maganganu a dangi, har aka ce ya fifita jirgi a kan uwarsa. Wannan magana zalunci ce, domin abin da ya tsaya a kai matarsa ce da 'ya'yansa, kuma abin da ya faru a Carriacou ya nuna wanda ya yi daidai tsakanina da matarsa. Sai dai ba zan ce masu maganar ba su da dalilin jin ciwo ba. A shekara biyu da rabi Yaya bai halarci ɗaurin aure ko suna ko jana'iza ko ɗaya ba, bai durƙusa ya gaida Hajiya da Salla ba, kuma a wurinmu zumunta a ƙafa take. Yana aiko da kuɗi, yana kira kusan kullum tunda ya sa intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink a jirgin, amma ranar da aka buƙaci ƙafarsa sai aka tarar tsakaninsa da gida akwai teku da biza da layin injin ɗaga jirgi. Inda nake ganin ya yi sakaci shi ne ya tanadi farfelar famfo da matatar mai da igiya ta biyu da anga ta biyu, amma bai tanadi hanyar da mutum huɗu za su bi su iso Legas cikin kwana uku ba, alhali ya bar uwa mai hawan jini da ta haura saba'in. Bizar wucewa ga kowa da kowa, da dalolin tikiti huɗu a ajiye waɗanda faɗuwar naira ba za ta taɓa ba, da wurin tudu da aka kama tun farkon Yuni, waɗannan sun cancanci shiga lissafi tun kafin fenti da batir.

Nauyin wannan giɓi a kan matarsa ya sauka. Zama a jirgin da ke kan turaku ba zama ba ne, da tsani ake hawa, banɗakinsa ba ya aiki tunda babu ruwa a ƙarƙashi, ga zafi ga sauro. Ta kama ɗaki ɗaya kusa da filin, ta yi mako bakwai tana neman biza daga ƙasar da ba tata ba, tana kai yara duba jirgin kowace safiya don buɗe tagogi kada danshi ya ɓata katifu. Abin da ya sauƙaƙa mata shi ne Trinidad tana da Musulmi da masallatai, naman halal yana samuwa a kasuwa, kuma wani iyali da ta haɗu da su a masallacin Juma'a sun riƙe ta kamar 'yar uwa har ranar da suka raka ta filin jirgi.

A lokacin da nake wannan rubutu Hajiya tana gida a Agege, ana yi mata gashi sau uku a mako, tana taka ƙafa da sanda, kalmomi suna dawo mata kaɗan-kaɗan. Yaran sun shiga makaranta, babbar ta zarce 'yan ajinta a lissafi da sanin taswira, ƙaramin kuma ya sami abokan ƙwallon da ya daɗe yana nema. Jirgin yana Chaguaramas a kan turakunsa, kuma duk farkon wata takardar kuɗin wuri tana zuwa da dala, ni kuma in haɗa hayar shago ɗaya da rabin ta ɗayan in kai wa 'yan canji. Matar Yaya ta ce ba ta ƙi komawa ba, amma ba za ta sake taka jirgin ba sai fasfo huɗu suna ɗauke da biza mai rai kuma Hajiya da bakinta ta ce a tafi. Kawu yana nan a kan a sayar a sayi gida a Ikorodu. Yaya ya ba wani dillali jirgin, an kawo tayi biyu, dukansu ƙasa da abin da ya saya, kuma bai amsa ko ɗaya ba. Ranar Asabar da ta wuce ya ɗauki 'yarsa suka tafi Tarkwa Bay a jirgin wani tsohon abokinsa, suka dawo kafin la'asar saboda shi ne ke kai Hajiya wurin gashi ranar.